Saiwoyin Mai Jego

Ranar Larabar da maganin mai jego ya ɓace daga saman benen Hajji Hussain, babu wanda ya ga ɓarawon da idonsa, amma kafin a kira magariba kowa a gidan ya riga ya raɗa masa suna. Haka gidan haya yake a Ard Liwa, can bayan Muhandisin: in ka yi atishawa a hawa na biyu, daga na huɗu za a ce maka yarhamukallah. Saura 'yan kwanaki Babbar Sallah ta shekarar 2014, garin Alƙahira kuwa ya ƙi sakin zafinsa.

Mai maganin shi ne Dawud, Basine, wato ɗan ƙasar Sin, Musulmi da ya zo karatu Azhar, karatu ya ƙare, shi bai ƙare da Masar ba, ya zama tafintan 'yan kasuwar ƙasarsu. Matarsa Sofiya ta haihu ranar Asabar, haihuwar fari, babu uwa babu ƙanwar uwa a kusa. Uwarta ce ta aiko da buhun magani tun daga Sin ta hannun wani ɗan kasuwa, bai iso ba sai yammacin Talata, ya sha danshin jirgin ruwa. Dawud bai yarda ya shiga da shi ɗaki ba, don kada warin danshi ya taɓa jariri. Kai tsaye ya wuce da shi sama, da safe ya baza shi a manyan farantai biyu ya sha rana, ya tafi aiki. Duk wanda ya gamu da shi a matakala sai da ya ji labari, da Larabcin nan nasa na littafi mai sa Misirawa murmushi: maganin mai jego ne, surukarsa ce ta aiko. Da ya dawo da la'asar ya tarar da farantan a kife, an danne kowanne da bulo, ko ɓawo babu.

Ba a sha wahalar neman wanda za a zarga ba. Mutum ɗaya ce ke kwana a saman benen, a wani ɗan ɗaki kusa da tankin ruwa: Samah, Bahaushiyar Sudan, bazawara marar kowa, mai yi wa amare lalle da haɗa turaren wuta. Wadda sana'arta itatuwa masu ƙamshi, in itatuwa masu ƙamshi suka ɓace a ƙofar ɗakinta, ai a wurin mutane magana ta ƙare. Hajji Hussain mai gidan ba mugu ba ne, bakinsa ne ya fi tunaninsa sauri. Ya hau yana haki ya tambaye ta, ta ce ba ta ɗauka ba. Ya ce to wa ya ɗauka, ta sunkuyar da kai. Nan take ya yanke hukunci: in an sauko daga masallacin Juma'a kayan ba su fito ba, ta kwashe nata ta ba shi makulli.

Kowa ya san abin da hakan ke nufi ga macen da ba ta da komai a Masar sai katin gudun hijira. Ba wanda zai ba ta ɗaki a unguwar da aka kira ta ɓarauniya, kuma babu uwar amaryar da za ta sake bari ta shiga ɗakin da ake ajiye zinariya.

*

Ukasha, ɗalibin Azhar ɗan Sakkwato da ke hawa na uku, shi ya ce a kira Baba Tijjani.

Tijjani tsoho ne daga Gadarif ta Sudan, shi ma ɗan haya a gidan, kuma a zamaninsa duk wanda aka kore wa shanu a wannan yanki ƙofarsa yake kwana. Yakan dubi sawun saniya ya ce tana da ciki, ya dubi na mutum ya ce wannan gudu yake, wancan kuwa sauri kawai yake yi. Aikin ido ya kawo shi Alƙahira da matarsa Fatna, aka yi aikin, komawa ce ta yi ta ja da baya har shekaru suka shige. Bai taɓa yafe wa garin ba. Yakan ce gari ne da aka shafe wa fuska da siminti don kada ya ba da shaida. Amma da ya ji an ambaci Samah, ko shayinsa bai ƙarasa ba ya ɗauki sanda.

Ya isa sama rana ta karkata, irin hasken da mai bin sawu ke so. Abin da ya tarar ya ɓata masa rai: rabin gidan sun hau kallo, sun tattake ƙurar wurin kamar an ci kasuwa. Ya kore su duka zuwa bakin matakala, har da mai gidan, sannan ya tsuguna.

Ukasha ne ya kasa haƙuri. Ya nuna ragon layyar Hajji Hussain da ke ɗaure a gindin tanki, leɓensa ja, ƙwallayen wasu 'ya'yan itace a gabansa, ya ce ga ɓarawo nan yana tuƙa. Hajji ya fusata kamar an zagi ɗansa na cikinsa. Tijjani ya ja igiyar ragon har ƙarshenta, ba ta kai ko rabin hanyar farantan ba.

"Ba shi aka yi, ba ɗauka ya yi ba," in ji shi. "Kuma ban taɓa ganin ragon da ya ci ya ƙoshi sannan ya kife faranti ya danne da bulo ba."

Ya daɗe a wurin farantan. An share gefensu da tsintsiya, an tattara 'yar sharar gefe guda. Wanda ya kwashe maganin bai yi gaggawa ba, har ya tsaya yi wa rago kyauta, ya kife farantai don kada iska ta yi wasa da su. Ya faɗa a fili cewa wannan hannun mace ne, macen da ta saba da aikin gida, wadda kuma ba ta jin tsoron a gan ta. Kafin ya rufe baki ya yi nadama, don duk idanu sun koma ƙofar Samah.

Ɗan abin da ya rage na sawu ya karanta shi a zuci. Ga takalmin Dawud na roba. Ga silifas ɗin Ukasha, an tsuguna da su dab da faranti. Ga tafin ƙafar Samah ba takalmi a bakin ƙofarta, ƙafafu biyu a haɗe suna fuskantar farantan, irin tsayuwar wanda ya daɗe yana kallon abu, amma ba su matsa ko taku ɗaya ba. Ga kuma silifas ɗin Fatna da diddigen hagun nan da take ja, wanda ya sani kamar yunwar cikinsa. Kullum tana hawa shanya, don haka ya tsallake shi yadda mutum ke tsallake dokin ƙofarsa.

*

Da safiyar Alhamis ya fara da Samah. Ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar tanki, ta kawo shayi da kirfa, idanunta a kumbure. Ya ce ta fito masa da kayan turarenta, ta fito da su ba musu. Ya shinshina ɗaya bayan ɗaya, itacen ɗalih, da shaf, da sandal, duk ƙamshin gida ne. Babu ko ɗaya mai warin da ya ji a jikin farantan, wani wari mai kauri, mai ɗan zaƙi, mai ɗan ɗaci, wanda hancinsa bai taɓa gamuwa da shi ba a duk yawon da ya yi.

Ya tambaye ta abin da ta tsaya kallo jiya a bakin ƙofa. Ta ajiye kofin da ke hannunta a kan faranti.

"Baba, na ce ban ɗauka ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

Ya lallaɓa ta, ya tuna mata Juma'a gobe ce, ya ce mata shi ba ɗan sanda ba ne, tamkar ubanta yake. Ta yi ta murza bakin mayafinta. Da ya miƙe, abu ɗaya ya tafi da shi: ta ce ba ta ɗauka ba, amma ko sau ɗaya ba ta ce ba ta gani ba. Tausayinta ya kama shi, haushinta ma ya kama shi.

Ukasha bai yi wahalar tatsa ba. Da Tijjani ya ce masa silifas ɗinsa sun tsuguna a gaban faranti, sai ya hau kawo ayoyi a kan munin zato, yana gumi. Tsohon ya bar shi ya gama wa'azinsa tsaf, sannan ya sake tambaya. Ashe bayan Sallah zai tafi gida ya yi aure, kuma ya ji abokai na cewa Sinawa na da wata saiwa mai siffar mutum, wadda in namiji ya ci, to, shi ke nan. Ya hau ne ya gani da idonsa. Bai ga mai siffar mutum ba, sai ya ɗauki ɗan yanki guda ya tauna, ya ji zaƙi zau kamar alewa, ya tsorata ya gudu makaranta. Ya bar farantan a cike.

"To madalla," in ji Tijjani. "Ka sha maganin mai jego. Allah ya kawo ruwan nono."

Ukasha ya roƙe shi don Allah kada maganar ta kai ɗakin ɗalibai. Da aka tambaye shi wa ya gani a matakala, ya ce ba kowa, sai mutanen kullum.

*

A gida ya tarar da Fatna ta zabga wa miya gishiri, abin da ba ta yi ba tun tana amarya. Ita da ba ta barin ya cire takalmi sai ta ji labarin duk inda ya je, yau ba ta tambaye shi komai ba. Can da ya ture kwano ta ce, ba tare da ta dube shi ba, ta je wurin Hajji Hussain da safe ta roƙe shi ya bar yarinyar nan, ya ce magana ɗaya yake yi.

"Malam, Samah ba ta ɗauka ba."

"Na sani. Sanina ba shaida ba ne."

Ta tattara kwanuka ta shige madafa, tana jan diddigen hagu. Ya ɗauka ciwon Samah ne ke cin ta, don tun zuwan yarinyar take mata kallon 'ya.

Da la'asar ya ƙwanƙwasa ƙofar Dawud. Basinen ya fito hanci ja, mura ta toshe shi tun farkon mako, ya zaunar da shi a falo. Gidan a rufe ruf, ko fanka ba ta juyawa, ga ƙamshin turaren Sudan ya cika ko'ina. Dawud ya ce Khala Fatna ce ke zuwa kullum ta gaida mai jego ta turara mata ɗaki, Allah ya saka mata. Tijjani ya ce ya nuna masa buhun da maganin ya zo a ciki. Dawud ya hau sama ya ɗauko, amma ko yanzu bai shigo da shi ba, a bakin ƙofa suka tsuguna ya zazzage ɓurɓushin a tafin hannu.

Yana tsintar su ɗaya-ɗaya yana faɗin sunansu kamar mai gabatar da danginsa. Ga citta busasshiya, ga kirfa, waɗannan kowa ya san su. Ga saiwar zaƙi, wadda Misirawa ke jiƙawa su sha da azumi suna ce mata irƙisus, su kuwa a Sin ba a haɗa magani babu ita, don ita ke sasanta sauran. Ga ɓawon jan dabino, ɗan'uwan magarya ne amma ya fi ta girma, da wasu ƙananan jajayen 'ya'ya kamar zabibi. Ga hwangci, fari-fari kamar yankakken rogo, na mayar da ƙarfin jiki. Sai ya ɗago wani ɗan yanki ruwan ƙasa ya riƙe shi da girmamawa. Wannan shi ne dangwei, in ji shi, uwar maganin mata, shi ke mayar da jinin da haihuwa ta kwashe. Tijjani ya kai hanci. Warin faranti ne sak.

Kaɗan-kaɗan ake dafa su da kaza, in ji Dawud, mai jego ta sha romon har wata guda. A watan nan ba ta fita, ba ta shan ruwan sanyi, iska ba ta taɓa ta, ba ta wanka, ko kanta ba ta wankewa. Tijjani ya ɗaga ido ya dubi tagogin da ke rufe a wannan zafi. Dawud ya lura. Ya ce mahaifiyarsa ta shiga ruwa kwana kaɗan bayan ta haife shi, don babu mai taimakonta, yau ko cokali ba ta iya riƙewa da kyau. Ya yi wa surukarsa alkawari zai tsare Sofiya kamar tana gabanta, ga shi tun ba a je ko'ina ba ya bari an kwashe maganin. Ita Sofiya ya gaya mata maganin ya ɓace, ta yi ta kuka, don haka ya ɓoye mata sauran rigimar. Shi ba ya son a kori kowa, maganin kawai yake so.

Da Tijjani ya tashi tafiya, Dawud ya ce ai bai yi wa jariri addu'a ba. Ya shiga ciki ya fito da shi a naɗe, ɗan mitsitsi, gashi baƙi siɗik a tsaye. Tsohon ya karɓe shi, ya sunkuya ya tofa masa addu'a a ka. Nan ya katse addu'ar. A ƙarƙashin turaren, a ƙarƙashin ƙamshin nono, cikin gashin yaron da ninkin wuyansa, warin dangwei ne kwance.

"Ka tabbata maganin nan bai taɓa shiga ɗakin nan ba?"

"Ko sau ɗaya, Baba."

Tijjani ya ƙarasa addu'ar, ya miƙa yaron. Yana saukowa matakala ya tuna abin da ya kamata ya tuna tun jiya: ranar Laraba igiyar shanya babu ko tsumma a kanta.

*

Ya samu Fatna tana tsince shinkafa. Ya zauna kusa da ita, ya jingine sanda, ya ce mata a hankali babbar tukunyarta ta biki yake so ya gani. Hannunta ya tsaya. Ta ɗaga kai ta dube shi, hawaye suka zubo kamar dama a bakin ƙofa suke jira.

"Ka daɗe, Malam," ta ce. "A Gadarif da tuni ka kama ni."

Sauran ya fito a gutsure. Ta ji Dawud a matakala yana cewa maganin mai jego ne. Ta hau ta ga saiwoyi da ɓawon itace a shanye, a iya saninta kuwa saiwa da ɓawo in an tara su don mai jego, na ruwan wanka ne. Kwana da kwanaki tana shiga tana ganin yarinyar a jiƙe da gumi, kai a cukurkuɗe, babu wanda ya ɗora mata ruwa. Sai ta ce a ranta wannan aikin maza ne, uwa ta aiko da kayan wanka, miji bai san yadda ake yi ba, sai shanya. Ta kwashe duka, ta kai tukunyarta madafar Sofiya, ta zuba, ta ƙara ganyen darbejiya da ɗan gishiri, ta bar shi ya tafasa har ruwan ya yi ja. Sai da tururi ya kai ɗaki Sofiya ta fito ta leƙa tukunya, ta ɗora hannu a ka. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta nuna bakinta tana alamar sha. Lokacin Fatna ta gane ta dafe maganin wata guda a tukunya ɗaya.

To ruwa ya riga ya dahu. Yarinyar ta dubi ruwan, ta dubi jikinta, ta kama hannun Fatna ta ja ta banɗaki da kanta. Fatna ta gasa ta yadda ake gasa mai jego, ta wanke mata kai, ta wanke jariri, ta naɗe su, ta turara gidan. Sofiya ta yi barci a cinyarta har azahar ta wuce. Da ta farka ta sa yatsa a leɓe, ta nuna takalmin mijinta, ta yi ta maimaita wallahi, wallahi, har sai da Fatna ita ma ta ce wallahi.

"Mahasin ta haihu sau biyu a ƙasar ƙanƙara," in ji Fatna. Mahasin ita ce 'yarsu tilo, tana Kanada. "Ko tulu ɗaya ban ɗora mata ba. A waya nake ganin jikokina. Da na ga yarinyar nan ba uwa, hannuna ne ya riga hankalina."

Ta ce tun jiya take tsakanin rantsuwa da Samah. Ta yi ƙoƙarin gaya wa Sofiya abin da ake ciki, amma Larabcin yarinyar bai wuce gaisuwa da sunan abinci ba. Ta rantse ba za ta faɗa ba, shi ya sa ta zuba masa ido, don ba ta rantse za ta ɓoye masa ba.

Tijjani ya so ya yi faɗa, ya ma shirya kalmomin. Amma da ya dubi tsohuwar da ya shekara arba'in da wani abu yana bin bayanta, ta yi zuru-zuru da shinkafa a cinya, sai ya ji babu abin da yake so kamar ya rufa mata asiri. Kuma ya san ba zai rufa ba.

"Gobe zan faɗa," ya ce.

"Ka faɗa, Malam. Nauyin ya ishe ni."

*

Bayan an sauko daga masallaci ya tara su. Hajji Hussain ya so a yi a shagonsa na ƙasa, Tijjani ya ce ƙafarsa ba ta son sauka da hawa, a yi a kan matakala, dab da ƙofar Dawud. Ya kuma ce wa Dawud ya ɗan buɗe ƙofar, ya riƙa fassara wa matarsa duk abin da aka faɗa, tunda kayanta ne. Ukasha ya raɓe a bango yana addu'ar kada a zo kansa. Samah ta tsaya a matakalar sama da makulli a hannu. Fatna ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi har goshi.

Tijjani ya wanke rago. Ya wanke Ukasha da kalma ɗaya, ya ce yaron ya je ganin ikon Allah ne, Ukasha ya sauke ajiyar zuciya. Sannan ya juya wurin mai gida, ya ce kafin ya ci gaba yana so Hajji ya maimaita hukuncinsa da ƙarfi, kowa ya ji. Hajji ya maimaita: kaya ba su fito ba, Samah ta ba da makulli ta bar gidan yau. Dawud ya juya ya fassara cikin ɗaki, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Aka ji wani abu ya faɗi a ciki. Ƙofar ta buɗe gaba ɗaya, Sofiya ta fito da rigar sanyi da safa a wannan zafi, ita da ba a yarda ta taka dokin ƙofa ba. Ta yi wa mijinta magana da harshensu, da sauri, tana nuna Samah tana girgiza kai. Sannan ta juyo wurin jama'a da ɗan Larabcinta. Ta dafa ƙirjinta ta ce, ni. Ta ce, wanka. Ta je ta durƙusa ta kama hannun Fatna ta ce, Mama.

Tijjani ya cike sauran, bai rage komai ba, har gishirin da darbejiyar. Ya faɗi sunan matarsa da bakinsa, ya ce ita ta kwashe, kuma shi ya ga sawunta tun ranar farko ya tsallake.

Dawud ya yi fari fat. Ba maganin ya tambaya ba. Ya tambayi Fatna, ruwan yaya yake, da sanyi? Fatna ta ji kamar ya zage ta. Ta ce ita 'yar gidan da ake wankan jego ce, ruwan da ta yi wa matarsa wanka da shi in shi ya sa hannu sai ya yi ihu. Tagogi a rufe, ta naɗe ta tun kafin tururi ya bar jikinta. Ai duk wahalar nan don kada sanyi ya shiga ƙashin mai jego ake yin ta. Dawud ya sa ta maimaita. Da ya gane abin da suke gudu a Sin shi ne dai abin da ake gudu a Gadarif, sai ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza, ba a san dariya yake ko kuka ba. Can ya ce citta da kirfa da saiwar zaƙi suna nan a shagon kowane mai kayan yaji, dangwei kuma zai bi gidajen abincin Sinawa na unguwar Abbasiyya, ba za a rasa mai ɗan guntu ba. Surukarsa ce dai bai san da wane baki zai gaya mata ba.

Hajji Hussain ya yi ta share gumi. Ya ɗaga kai yana cewa, ma'alish ya binti, yi haƙuri 'yata, laifina ne, riƙe makullinki. Amma matakalar sama babu kowa, Samah ta riga ta haye.

*

Fatna ta bi ta, Tijjani na biye da sandarsa. Suka tarar da ƙofar ɗan ɗakin a buɗe. Ashe tun safe ta gama shiri: katifa a naɗe, tukwane cikin buhu, tufafi da kwalaben turare an ƙulle su cikin zannuwa, an jera a bakin ƙofa. Tana zaune a kan ƙulli ɗaya, makullin har yanzu a hannunta.

Fatna ta tsaya a gabanta ta kasa haɗa ido da ita.

"Kin gan ni ranar."

"Na gan ki, Inna. Har kika ba rago."

"Me ya hana ki faɗa? Kina gani za a jefa ki titi."

Samah ta juya makullin a tafin hannunta. "Ranar da na sauka garin nan ba ni da ko zanin kwana, naki kika ciro kika ba ni. Na san ba sata kika yi ba, ko da ban san me kika yi ba. Amma na ji sunan da suka kira ni da shi a matakala, Inna. Na auna, na ga zan iya kwana a titi. Ba zan iya tsayawa ina ji ana kiran ki da shi ba."

Fatna ta durƙusa a kan simintin mai zafi, da gwiwoyin nan da ko a sallah sai ta dafa bango, ta jawo ƙulli na farko ta kama kwance shi. Samah ta ɗaure shi tamau, yatsun tsohuwa kuwa sun ƙi ba ta haɗin kai. Samah ta yunƙura za ta taya ta, Fatna ta ture hannunta. Tijjani ma ya matso, ta ce masa ya tsaya inda yake.

"Ni na sa aka ɗaure su," ta ce, ta kai haƙori kan ƙullin. "Ni zan kwance."